A Kai Ɗaliban Karkara Baje Kolin Noma, Malamin Addini Na Tare Da Su

A yawancin makarantun firamare da ƙananan sakandare da ke karkarar Arewacin Nijeriya, hanya ɗaya ce fartanya take bi ta shiga hannun ɗalibi, ita ce hanyar horo. Yaron da ya makara, ko ya yi surutu a aji, ko ya zo babu littafin rubutu, shi ake miƙa wa fartanya ko lauje a nuna masa bayan azuzuwa a ce ya nome ciyawar wurin, 'yan ajinsu suna leƙensa ta taga suna yi masa dariya. Jim kaɗan sai malamin addini ya shigo wannan ajin ya karantar da cewa neman halal wajibi ne, kuma babu abincin da mutum zai ci da ya fi wanda ya samu da aikin hannunsa. Yaro yana jin abin da aka faɗa masa, yana kuma ganin abin da aka yi masa, na biyun ne kuwa yake zauna masa a rai. Da haka muke yaye ɗaliban da suka yarda cewa addini na masallaci ne ko na coci, boko na mai neman kujerar ofis ne, noma kuwa na wanda ya rasa duka biyun, alhali da kuɗin gero da gyaɗa da ɗan akuya aka ɗinka musu kayan makarantar da ke jikinsu.

A ganina tarbiyyar addini a makarantar ƙauye ba za ta zauna da gindinta ba matuƙar an kulle ta a cikin aji an raba ta da sana'ar da gidajen yaran ke ci a cikinta. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi sauƙi na haɗa su ita ce a riƙa kai ɗalibai wuraren baje kolin kayan noma, kuma a tafi da malamin addini a matsayin mai darasi a wurin, ba don ya tsare layi ko ya ja sallar azahar kawai ba. Na san akwai iyaye da malaman da ke ɗaukar irin wannan fita a matsayin yawon buɗe ido, kwana guda na shan iska da cin rake, kuma tsoronsu yana da dalilai masu nauyi waɗanda zan zo kansu. Amma kafin nan ya kamata a tuna cewa raba karatu da gona baƙon abu ne a ƙasar nan. Malamin tsangaya manomi ne, da damina almajiransa suna karatun asuba su nufi gona, da dare su koma gindin wuta da allunansu, sai an kai amfani gida ne ake tashi ci-rani. Ko me za a ce game da lalacewar da tsarin ya yi daga baya, almajirin wancan zamani bai taɓa jin cewa riƙon galma yana rage wa mai riƙon allo daraja ba.

Makarantar zamani ce ta zo da katanga tsakanin fannonin, kuma manhajar da ake bi ta ƙara mata tsawo. A tsarin karatun shekara 9 da aka fara aiki da shi a 2014, an cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista cikin rukuni guda tare da ilimin zaman jama'a da na zama ɗan ƙasa da na tsaro, aka kuma haɗa noma da ilimin kula da gida a wani rukunin daban. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan na farkon har sai da gwamnati ta ba da umarnin a ware darussan addinin a 2017, kuma shugabannin addinai biyun sun yi ta magana a lokacin. Ban ji wani ya ɗaga murya haka a kan noma ba, ban kuma ji wanda ya tambayi abin da ya fi muhimmanci ga ɗan ƙauye ba, wato a ina ne waɗannan darussa biyu suke haɗuwa. Malamin addini yana koyar da babin zakka ba tare da ya taɓa buhu ba, malamin noma yana zana tsiron masara a allo ba tare da ya ambaci haƙƙin maƙwabcin gona ba, kowa ya gama mintunansa ya fita.

Wuraren da za a kai yaran ba su yi ƙaranci ba. Akwai babban baje kolin noma na ƙasa da ake yi a filinsa na Tudun Wada, kan hanyar Abuja zuwa Keffi a jihar Nasarawa. Akwai kasuwar baje koli ta Kaduna a kan hanyar Zariya, da ta Kano a titin Gidan Zoo, waɗanda kayan noma suke cin babban ɓangare na rumfunansu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, yana zuwa da nunin amfanin gona da na dabbobi, kodayake hankalin masu ɗaukar hoto yana tafiya ga kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin, ne kawai. A Nijar ma ana yin irinsa a Yamai. Ƙasa da waɗannan kuma akwai ranakun manoma da hukumomin bunƙasa noma na jihohi da ƙungiyoyi irin su Sasakawa suke shiryawa a gonakin gwaji, a cikin ƙauyukan kansu, kuma su ne na fi so saboda dalilin da zan faɗa a gaba. A irin waɗannan wurare ne yaro zai fara sanin cewa a Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken noma da aka kafa tun 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma irin masara da dawa da gyaɗa da waken da ake rubuta wa sunaye masu farawa da SAM a jikin leda daga can suka fito, mutane masu digiri uku-uku ne suka ƙare rayuwarsu a kan ƙwayar da mahaifinsa yake shukawa. Gani ya kori ji, kuma wannan ganin kaɗai yana gyara wani abu a kan yaron da aka saba yi wa horo da fartanya.

To amma ina aikin malamin addini a nan? A ɗauki zakkar amfanin gona, wadda ita ce ibadar da ta fi shafar gidajen waɗannan yara bayan sallah da azumi. Alƙur'ani a Suratul An'am, aya ta 141, ya yi umarni da a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. Nisabin ausuƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, wato sa'i 300 ke nan, abin da malaman zamani da yawa suke ƙiyasta shi da wajen kilo 650, buhu shida da rabi na manyan buhunan kilo 100. Gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar mata da ushiri, ɗaya cikin goma, wadda kuwa aka shayar da wahala, kamar da jigo ko da injin, rabin ushiri ne. Wanda ya samu buhu 40 na masara da damina zai fitar da 4, wanda ya samu buhu 40 na alkama da injin ban ruwa zai fitar da 2. A aji wannan haddar ce da ake yi don jarrabawa a manta da ita bayan mako guda. A filin baje koli kuwa, a gaban rumfar masu sayar da famfon da ke aiki da hasken rana, tambaya ce mai rai: manomin da ya sayi wannan famfo sau ɗaya, ba ya sayen fetur, ruwa yana zubo masa kullum, ushiri zai fitar ko rabinsa? Manomin Kadawa ko Kura da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, yake gangaro masa ta magudana amma yana biyan kuɗin ruwa, shi kuma fa? Mai tumatir da albasa, waɗanda mazhabar Malikiyya ba ta sa su cikin abin da ake fitar wa zakkar girbi ba, alhali Imamu Abu Hanifa yana ganin duk abin da ƙasa ta fitar akwai haƙƙi a cikinsa, yaya zai yi da miliyoyin da ya samu a noman rani? Ba lallai ne malamin ya yanke hukunci a tsaye a wurin ba, yana iya cewa za a koma a duba a tambayi manya. Abin da yaro zai ɗauka ya wuce amsar, domin ya ga lissafin da ya koya da fiƙihun da ya haddace da injin da ke gabansa duk suna magana a kan gonar gidansu.

Sai kuma maganar da ta fi damuna, ita ce ta magani. Duk wanda ya san kasuwannin hatsi ya san abin da ake yi wa wake don kada ƙwaro ya ci shi: a zuba masa fiya-fiya ko wani ruwan maganin ƙwari da aka yi don feshi a fili, a juya, a ɗinke buhu, a kai kasuwa, mai saye ya kai gida a dafa wa yara. Saboda yawan irin wannan guba da aka samu a jikinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Su sun hana, mu kuwa muna ci. Yawancin masu yin haka mutane ne masu sallah a sahun gaba ko masu zuwa coci kowace Lahadi, kuma ban yi zaton suna ɗaukar kansu masu laifi ba, domin babu wanda ya taɓa haɗa musu wannan aikin da hadisin da suka sani sarai, wanda Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshen yana sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. An koya musu hadisin a matsayin labarin wata kasuwa a Madina, ba a nuna musu shi a kasuwar hatsi ta Dawanau ba.

A wurin baje koli akwai rumfar da take amsa wannan matsala, kuma ta cancanci a tsaya a gabanta rabin sa'a. Malamin gona yakan ɗauko buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Zai buɗe ledar farko ya hura mata iska ya matse bakinta don a ga ko tana da huji, sannan ya zuba busasshen wake, ya girgiza ya danna har iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ta fita, ya murɗa bakin ledar ya lanƙwasa ya ɗaure da igiya, ya ɗaure ta biyu daban, ya ɗaure na wajen daban. Shi ke nan, babu ɗigon magani. Ƙwaron da ke ciki zai shaƙe 'yar iskar da ta rage ya mutu da kansa. Sau da yawa akan ajiye buhu biyu a gefe, ɗaya na gargajiya da aka bari ba magani, wakensa ya zama gari da huji-huji, ɗayan kuma mai hawa uku da aka ɗaure watanni, a kwance shi a gaban jama'a wake ya zubo fes. Idan a daidai wannan lokacin malamin addini ya matso ya ce wa yara, kun tuna da hadisin jiƙaƙƙen hatsi, to ga yadda mutum zai tsare dukiyarsa daga ƙwaro ba tare da ya cuci ɗan'uwansa ba, ya yi wa'azin da ya fi na wata guda a aji. Hani kaɗai ba ya isar talakan da ke tsoron asarar wakensa, sai an nuna masa halal ɗin da zai maye gurbin haram ɗin, ga shi kuwa a gabansa ana sayarwa. Nan ne ma wurin tuna musu shawarar da Annabi Yusuf ya ba mutanen Masar a aya ta 47 ta surarsa, cewa abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, wanda shi ne abin da kakanninsu suke yi da suke zuba damman gero a rumbu ba tare da an sussuka ba.

Haka abin yake a sashen dabbobi, inda yara suka fi son tsayawa ko ba a ce su tsaya ba. Za su ga bunaji fari sol da rahaji mai dogon ƙaho da gudali na Sakkwato, su ga raguna balami da uda da 'yankasa, da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya tun zamanin fataken Sahara. Mai riƙe da igiyar san nan sau da yawa Bafulatani ne, kuma ga ɗan manomi da ya tashi yana jin sunan makiyayi tare da ɓarna ko tashin hankali kawai, tsayuwa kusa da shi a yi masa tambaya ya amsa ba ƙaramin abu ba ne. Rikicin gona da dabba tsoho ne ƙwarai, har Suratul Anbiya a aya ta 78 da 79 ta ba da labarin hukuncin da Annabi Dawuda da Annabi Sulaiman suka yi a kan gonar da tumakin wasu mutane suka shiga da dare. Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan ya yi bayanin wanda ke da alhakin tsaro da rana da wanda ke biyan ɓarnar dare. Yaron da ya ji wannan yana kallon saniya da mai ita zai fahimci cewa cinye burtali zalunci ne, sakin dabba a gonar mutum ma zalunci ne, kuma addininsa ya tanadi alƙali a tsakani, bai bar wa kowa adda ba.

Abin da nake faɗa bai tsaya ga makarantun da Musulmi suka fi yawa ba. A Kudancin Kaduna da Filato da Kudancin Bauchi da Gombe da Adamawa akwai makarantun karkara da 'ya'yan Kirista suka cika, akwai kuma waɗanda yaran addinai biyun suke zaune a benci guda. Malamin addinin Kirista yana da nasa abin faɗa a filin: Farawa 2:15 ta ce an sa mutum a gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana mai gona ya girbe har gefe-gefe ko ya koma ya yi kala, don a bar wa matalauci da baƙo, Karin Magana 11:1 kuma ta kira ma'aunin zamba abin ƙyama, kamar yadda Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye mudu alkawarin azaba. Ba na neman a haɗa darussan biyu wuri guda, kowane malami ya riƙe ɗalibansa da littafinsa. Amma yaran da suka tsaya a gaban mudu guda suka ji cewa littattafan iyayensu duka sun la'anci wanda ya dake gindinsa don ya rage awo, sun koma gida da wani abu da taron zaman lafiya a otal ba ya bayarwa. Misalin da ya fi kowanne a nan yana jihar Maraɗi, inda tun 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoman da akasarinsu Musulmi ne a kan barin kututturan itatuwa su sake tohowa a cikin gona, a rage rassan a bar masu ƙarfi, abin da ake kira sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai kadada miliyan 5. Gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero rana da taki, ya kuma yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, ya dawo gonakin da aka share shi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, to sadaka ce gare shi, a gindin irin wannan itacen ya fi daɗin karantawa.

Yanzu ga tsoron iyaye, kuma ba zan raina shi ba. Mutanen da suka ga an kwashe yara sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da ƙananan ɗaliban Islamiyya a Tegina a Mayun 2021, ba za a ce musu su sa 'ya'yansu a mota zuwa Keffi don kallon tarakta su amince da sauƙi ba. Ko babu 'yan bindiga akwai hanya: a Fabrairun 2018 ɗalibai sama da 20 daga Misau suka rasu a haɗarin mota kusa da Gaya, suna kan hanyar zuwa Kano ziyarar ƙaro ilimi. Duk shugaban makarantar da zai cusa yara 40 a motar da aka yi don mutum 18 saboda kuɗi bai kai ba, gara ya bar su a aji. Wannan ne ya sa na ce na fi son ranakun manoma da ƙananan nune-nune na ƙaramar hukuma, waɗanda za a je da hantsi a dawo kafin la'asar, wani lokaci ma da ƙafa. Inda hanya ba ta da aminci ko kaɗan, sai baje kolin ya zo makaranta: filin ƙwallo ya isa, kowane gida ya kawo mafi kyawun damin geronsa ko kabewarsa ko ragonsa, a gayyato malamin gona na yankin da Sarkin Noma da limamin gari da fasto inda akwai shi, kwamitin gudanar da makaranta ya ɗauki nauyin ruwan sha da tabarmi. Babban baje koli na birni sai a bar shi ga manyan ɗalibai kaɗan, a shekarar da hali ya yi.

Akwai masu cewa wurin taro ne na cakuɗuwar maza da mata, ga kiɗa, ga shagala, don haka bai dace da 'yan mata ba. Wannan magana tana da gyara mai sauƙi, a raba rukuni, malama ta jagoranci 'yan mata tare da uwa ɗaya ko biyu daga cikin iyaye, a tsara lokacin sallah tun kafin a tashi. Abin da ba shi da gyara shi ne a bar su a gida, domin rabin abin da ake nunawa a wurin aikinsu ne da na iyayensu mata. Su ne masu matsar man gyaɗa da tuyar ƙuliƙuli, su ne masu turara shinkafa, akuya da kajin gida galibi nasu ne, kuma hannunsu ne yake auna waken da ke shiga tukunya. Yarinyar da ta ga ƙaramin injin matsar mai, ta ji dalilin da ya sa gyaɗar da ta yi funfuna take da guba ga hanta ko da an soya ta, ita ce gobe za ta ƙi sayar wa maƙwabta ƙuliƙulin da aka yi da ita, idan an nuna mata cewa wannan ƙin ibada ce.

Shi kansa baje kolin ba wuri ne mai tsarki ba, kuma wannan ƙarin dalili ne na zuwan malamin addini. Yawancin rumfunan na 'yan kasuwa ne, kowa yana yabon hajarsa, mai maganin ciyawa ba zai gaya maka abin da yake yi wa mai feshin da ba ya rufe hanci ba, mai ba da rancen noma ba zai fara da maganar ruwan da ke kai ba. Ranar buɗewa kuma ta manyan baƙi ce, a jera taraktoci masu sabon fenti a yi jawabi a ɗauki hoto, manomin da aka yi taron dominsa yana tsaye a rana bayan igiya. Ya kamata yara su ga wannan ma, a kuma koya musu yin tambaya cikin ladabi: nawa ne kuɗinsa, wa zai gyara shi idan ya lalace a ƙauyenmu, irin nan ana iya ajiye shi a sake shukawa baɗi ko sai an sake saye? Har irin waken nan da aka sauya wa halitta don ya jure tsutsa, SAMPEA 20-T, wanda aka amince da shi a 2019 kuma har yanzu ake muhawara a kansa, gara su ji bayaninsa daga bakin masu binciken su kuma ji dalilan masu ƙinsa, da su tsinci labarinsa a saƙon WhatsApp. Sai dai malamin addini ya san iyakarsa. Lokacin da Annabi (SAW) ya yi magana a kan barbarar dabino, manoman Madina suka bari, amfanin ya zo da rauni, ce musu ya yi su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu. Yawan takin da kadada take buƙata na malamin gona ne. Hukuncin wanda ya gauraya takin da yashi ya sayar, ko ya karkatar da na tallafi, ko ya ba talaka buhu ɗaya da damina don ya karɓi biyu da kaka, wannan na malamin addini ne, kuma bai kamata ya yi shiru a kansa ba don mai yin sa babba ne a gari.

Saura maganar lokaci. Zangon farko na shekarar karatu yana faɗawa daidai kaka, kuma kowane malamin ƙauye ya san yadda azuzuwa suke zama fayau daga Oktoba zuwa Nuwamba, yara suna wajen cirar gyaɗa da roron wake da yankan shinkafa. An saba ɗaukar wannan a matsayin laifin iyaye, a yi ta barazanar kora, a kuma dawo da fartanyar horo ga wanda ya yi fashi saboda aikin gona. Hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi suna iya ware mako guda a cikin wannan lokaci, a sa ranar nunin a ƙarshensa, a ba kowane ɗalibi aikin da zai kawo: ya ƙirga damman gonarsu ko buhunanta, ya lissafa ko sun kai nisabi da abin da za a fitar, ya rubuta yadda za a adana sauran, malamin lissafi da na noma da na addini su duba takardar tare, kowa ya ba da makinsa a kai.